Malam Haliru da Kalangun Mahauta

Yau da safe ina shirin fita makaranta aka kira ni daga Jega: Malam Haliru ya rasu. Zazzaɓi ne kawai, aka kai shi asibiti, shi ke nan. Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma.

Firamare ɗaya muke koyarwa a nan Aliero, ni lissafi, shi kimiyya. Kuma wallahi na daɗe ina kishin mutumin nan.

Ya ba zan yi kishi ba? Ina gaban allo ina shaƙar alli, shi ya kwashi yara sai gonar albasa. Kowa ya tsuguna a fangali ɗaya ya nemo duk mai rai da ke ciki: tana, fara, kwaɗo, har ciyawar da manomi ke tsinewa. Su dawo ƙafa duk laka, baki har kunne. Ajina kuwa sai hamma.

Ranar darasin sauti, kalangu ya aro wurin makaɗin mahautan Jega. Ya ɗaure leda a bakin kwano, ya barbaɗa gero, ya buga kalangu a kusa. Gero ya hau tsalle ba wanda ya taɓa shi. 'Yan ajina suka watse suka cika masa taga, har da Hafsatu, 'yar cikina.

A gida ma ba ta da zance sai "Malam Haliru ya ce."

Shi ko a jikinsa. Da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a Maiyama, shi ya kai ni a babur, ya dawo ya riƙe min aji. Da na dawo, yara suka tambaye ni yaushe zan sake tafiya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a filin makaranta ne, yana ɗauke da igiyar guga.

"Malam, taho ka riƙa mani bakin ga in kaɗa, yara su ga yadda motsi ka bin ta kamar ruwan gulbi."

Na riƙe. Yara suka yi ta tafi. Shi aka yi wa.

Ɗazu na faɗa wa Hafsatu. Ta yi kuka, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, to yanzu wa zai koya muna abu?"

Ni, malami, ina tsaye a gabanta.

Allah Ya jiƙanka Malam Haliru, Ya haskaka kabarinka, Ya bai wa iyalinka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min ko rabin abin da Allah Ya ba shi, don hedimasta ya ce gobe ni zan shiga ajinsa.