Muryar Malam a Ƙarƙashin Ruwa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a ɗakin gwaji hannuna duk mai, sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarka ce, Malam. Ba ta iya haɗa magana ba, abin da kawai na ji shi ne, "Yaya, Baba ya tafi." Na ajiye na'urar a kan ƙarfen da nake dubawa, na nemi kujera na rasa, na zauna a ƙasa. Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Malam, ka riga mu amsa kira, ka bar mu da kewar da ban san ranar da za ta sake mu ba.

Kwana biyu bayan an kai ka makwancinka na koma gaida Mama, matarka. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ce, "Shekara uku ke nan da ciwon shanyewar jiki ya ɗauke masa magana. Wallahi na fara manta yadda muryarsa take. Ku da kuka ƙare rayuwarku kuna naɗar sauti, ai ba za ku rasa muryarsa a wurin aiki ba, ko?" Na ce mata zan duba, alhali na san babu abin dubawa. Muryarka tana kan kaset fiye da ɗari huɗu a da, kuma ni da hannuna na sa aka goge ta.

Saboda wanda zai karanta wannan bai san sana'armu ba, bari in faɗi abin da ka koya mana. Aikinmu sauraro ne. Wani lokaci mu saurari ƙarfe: a shafa masa mai, a ɗora masa wani ɗan kai kamar murfin kwalba, shi kuma ya tura siririn sauti wanda kunnen mutum ba ya kamawa. Sautin ya ratsa ƙarfen, ya bugi ƙarshensa, ya dawo. Idan akwai tsaga a ciki sai ya dawo da wuri, a ga tsini ya miƙe a kan allo inda bai kamata ba. Wani lokaci kuma mu saurari ruwa: mu shiga kwalekwale a madatsar ruwa, mu zura makirufo da doguwar waya har ƙasa, mu naɗi kukan famfuna da ƙofofin ƙarfe, mu dawo ofis mu tace, mu ware ƙarar da ke nuna lafiya da wadda ke nuna wani abu ya fara ci.

Ranar da na fara aiki a ƙarƙashinka na zo da takardar shaida sabuwa fil, ina jin babu wanda ya kai ni. Ka miƙo mini wani guntun ƙarfe ka ce in duba lafiyarsa. Minti biyu ban cika ba na ce lafiyarsa ƙalau. Ka karɓi kan na'urar, ka ƙara mai, ka zagaya da shi ta gefe, sai ga tsini ya miƙe a allo kamar an kira shi. Ka ce, "Tsagar da ta kwanta daidai da hanyar sauti ba ta amsawa. Sai kin zagaya kin same ta ta gefe. Ina za ki da sauri haka, Uwar Garaje?" Daga ranar sunan ya bi ni. Yau ni ce shugabar sashen, ina da furfura, amma har masu gadi da shi suke kirana in sun ga na juya baya.

Ban manta babban bututun da ke kai wa gari ruwa ba. Ni na duba waldarsa goma sha biyu, na rubuta cewa duk lafiya, na kawo maka rahoto ka sa hannu. Ranar Asabar da safe, ranar hutunka, ka ɗauki na'ura ka koma wurin kai kaɗai. Ran Litinin na tarar da rahoton a kan teburina babu sa hannu, da ɗan zagaye na fensir a kan lamba bakwai. Ka wuce ta bayana kana kurɓar shayinka, ka ce, "Je ki sake gaida walda ta bakwai, tana da magana." Na je na samu tsaga mai tsawon ɗan yatsa. Na gyara rahoton da hannuna, aka yaba mini a taro, kana zaune kana gyaɗa kai kamar ba ka san komai ba. Manaja har ya yi ritaya bai ji labarin nan ba. Yau na faɗa da bakina, domin rufin asirin da ka yi mini ya fi ƙarfin in binne shi tare da kai.

A kan ruwa kuwa kana da ƙa'idar da ba ka taɓa karyawa ba. Kafin a zura makirufo sai ka kai shi bakinka ka faɗi rana da wata, da wurin da muke, da zurfin da za a sauke shi, da yadda iska take. Ka rufe da cewa, "Ni ne." Ba ka taɓa faɗin sunanka ba, wai duk wanda zai saurara ya san ka. Sannan a sauke shi cikin ruwa, ka ɗauki sifana ka bugi gefen kwalekwalen sau uku, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Daga nan kowa ya yi tsit. Kwalekwalen na ƙarfe ne, kana cewa duk abin da aka faɗa a cikinsa sai ya sauka cikin ruwa makirufo ya kwashe. Matuƙinmu mutum ne mai son hira, ya sha harara a wurinka har ya koyi yin magana da gira. In muka dawo kuma sai ka buɗe babban littafinka mai baƙin bango, ka rubuta duk abin da ya ɓata naɗin ranar, ko da tsuntsu ne ya sauka a bakin kwalekwale.

Mu matasan lokacin muna yi maka dariya a bayan ido. Muna kwaikwayon "Ni ne" ɗin nan in za mu shiga ofis. Allah Ya yafe mana.

Da ka yi ritaya aka ba ni kujerarka, wuyana ya yi kauri. Kasakasanmu sun fara cin danshi, na kawo shawarar a juye su cikin kwamfuta, kuma shawara ce mai kyau. Amma manhajar da ke tantance sautin tana rikicewa in ta ci karo da muryar mutum a farko, ga wurin ajiya ya yi mana kaɗan. Sai na ba da umarni a yanke minti ɗaya na farkon kowane naɗi, tunda rana da zurfi duk suna cikin littafi. Aka yanke, aka juye, aka zubar da kasakasan. Abu ɗaya kawai na kiyaye daga koyarwarka: ka sha gaya mini kada in ajiye tataccen sauti in jefar da ɗanyensa, domin ban san ranar da zan nemi abin da na tace na fitar ba. Saboda haka sauran naɗin na bar shi ɗanye, da duk hayaniyarsa.

Ka kawo mana ziyara bayan wata biyu, na zaunar da kai ina ta rawar kai, na sa maka abin sauraro a kunne, na kunna maka naɗin shekara ashirin da suka wuce cikin ƙiftawar ido. Na ga ka karkata kai kana jira. Ruwa kawai ya fara zuba. Ka cire abin sauraron ka ce, "To, madalla. Bugu ukun fa?" Na ce ai sun tafi tare da gabatarwar. Ka ce, "To." Ka nemi hularka.

Sai da shekara ta zagayo na gane abin da na yi. Mun so mu gwada kukan wani famfo na yau da na da, mu ga ko ya ƙaru. Ashe bugu ukun nan su ne ma'auninmu. Da su ake sanin ko makirufon ranar yana ji da ƙarfi ko ya yi rauni. In babu su, babu hanyar sanin ko famfon ne ya ƙara kuka ko na'urar ce ta canza. Kunya ta rufe ni. Na ce zan zo in ba ka haƙuri, yau aiki, gobe tafiya, har ciwo ya riga ni zuwa. Na zo duba ka sau da yawa bayan haka, kana kallona kana murmushi da rabin fuska, ni kuwa na kasa buɗe maganar a gaban mutumin da ba zai iya amsa mini ba.

Wannan ne nauyin da na fito da shi daga ɗakin Mama. Kwana uku ina zaune gaban kwamfuta ina buɗe naɗi ɗaya bayan ɗaya, ko Allah Zai sa an manta ba a yanke wani ba. Yaran sashenmu sun yi aikinsu tsaf, ko ɗaya ba su tsallake ba. A rana ta huɗu idona ya faɗa kan littafinka mai baƙin bango a saman kabad. Na tuna kwalekwalen ƙarfe, na tuna abin da kake cewa game da magana a cikinsa. Na sauko da littafin na bi shafi-shafi, ba na neman komai sai inda aka yi ɓarna. Jirgi ya wuce. Ruwan sama. Matuƙi ya yi atishawa. Can a shekarata ta farko na ga rubutunka: "Minti na sha bakwai, surutu da dariya. Laifina ne."

Na tuna ranar sarai. Ita ce fitata ta farko a kan ruwa. Ka ba ni riƙon sifana, na miƙe da garajena zan gyara waya, ta suɓuce ta faɗa ruwa, na kuwa kai hannu zan bi ta.

Na buɗe naɗin, na je minti na sha bakwai. Da farko ba a jin komai sai gurnanin famfuna da ruwa yana marin ƙarfe. Na yi yadda ka koya mini. Na nemo kaurin sautin famfo, wanda ba ya hawa ba ya sauka, na cire shi. Na rage marin ruwan a hankali, ina tsoron kada in haɗa da abin da nake nema. Na ɗaga tsakiyar sautin, inda muryar mutum take zama. Shekara ashirin ina tace surutun mutane in zubar don in ji famfo, ranar nan famfon na zubar. Sai ga ƙarar sifana ta faɗa ruwa, sai ga dariyarka, daga nesa, a dushe kamar kana bayan ƙofa. Ka yi tari sau biyu, ka ce, "Zauna, Uwar Garaje, zauna! Bar ta, kifi ma yana son kayan aiki." Daƙiƙa goma sha ɗaya ne duka. Na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarka.

Washegari da la'asar na kai wa Mama. Tana zaune a kan tabarma, 'ya'yanka mata biyu a gefenta. Na sa mata abin sauraron a kunne na kunna. Ta rufe ido. Da ya ƙare ta ɗaga yatsa, na sake kunnawa. Sau biyar muka yi haka. Sannan ta ce, "Ji tarin nan. Kullum sai na ce ya tafi da rigar sanyi in za shi kan ruwa, ba ya ji." Ta share ido da bakin mayafinta ta tambaye ni ko akwai saura.

Na durƙusa na gaya mata gaskiya duka, tun daga umarnin da na bayar har zuwa haƙurin da ban ba ka ba. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ai na sani. Ranar da ya dawo daga wurinku ya faɗa mini. Ya ce, 'Yarinyar nan ta yanke ni daga kaset. Amma ta bar ruwan ɗanye yadda na koya mata, ba ta taɓa shi ba. Za ta riƙe wurin.' Ya ci abincinsa ya yi barcinsa. Tashi, 'yata, sake kunna mini."

Malam, shekara biyar ina ɗauke da abin da kai ka sauke tun a ranar.

Jiya muka fita kan ruwa karo na farko tun bayan tafiyarka. Na kai makirufo bakina na faɗi rana da wata da zurfi da iska. Na sa doka a sashenmu cewa ba mai sake yanke wannan mintin muddin ina wurin. Da na zo inda kake cewa "Ni ne" sai na kasa faɗa, na sauke makirufon, na bugi gefen kwalekwale sau uku. Matuƙinmu, wanda shi ma ya tsufa yanzu, ya sunkuyar da kai, muka yi shirun da ka fi so.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ya rufa asirin na ƙasa da shi, Ka rufa masa nasa. Ya yafe tun kafin a roƙe shi, Ka yafe masa kurakuransa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ruwan da dubban mutane suka sha lafiya ta dalilin kulawarsa ya zama sadaka mai gudana a gare shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da duk wanda ya taɓa zama shiru a kwalekwale tare da shi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.