Sirdin Keken Inna

Har yau in na ji ƙarar ƙarfen sirdin keke, wannan ƙyas-ƙyas ɗin da yake yi in an faɗa rami, sai gabana ya faɗi. Inna nake tunawa.

Ina ɗan shekara goma ko kusa da haka mutanen furoje, masu aikin taimakon kiwon lahiya, sunka zo ƙauyenmu, can gefen Maijirgi, sunka ba ta keke. Ita ce ungozomar gari. Sunka ce duk Laraba ta kai ma likita labarin masu ciki, in kuma haihuwa ta gardama ta tahi ta kira shi. Mace bisa keke a lokacin abin kallo ce. Maza a gindin itacen bedi suna cewa keke na ɓata mace, yana hana ta haihuwa. Baba bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi gaban mutane: "Ranar da kika ce wani wuri na miki ciwo, ranar za a mai da musu abinsu." Baba ba ya maimaita magana.

Sirdin kuwa siriri ne, baƙi, mai tauri kamar ƙahon sa. Don maza anka yi shi. Hanyar kuma rabi rairayi, rabi tsakuwa.

Da bazara ta kankama sai na ga tafiyar Inna ta sake. In ta dawo, sai ta shige bayan rumbu kafin ta sauka, ta daɗe tsaye riƙe da kan keken, idonta a rufe. Ta bar zama bisa kujera, sai kan rairayi. Ba ta ce uffan ba. Wa za ta gaya ma? Wurin ba na faɗi ba ne, kuma kalma ɗaya ta isa a karɓe keken.

Ni da wayona sai na tara tsummoki na jibga bisa sirdin, na naɗe da roba, ya yi tudu mai laushi. Inna ta gani ta shafa kaina. Ran Laraba ta hau ta tahi. Da la'asar sai ga ta tana turo keken tun daga rijiya, fuska kamar toka, tana taka ƙasa kamar mai tafiya cikin ƙaya. Baba na zaune ƙofar gida.

"Lahiya?"

"Iska ce ta sauka," in ji ta.

Ya tashi ya danna tayar baya da yatsa. Tam take. Ya danna ta gaba. Ya daɗe yana dubanta.

"Laraba mai zuwa ni zan raka ki bakin gari."

Kakana, mahaifin Baba, yana ƙarƙashin rumfarsa yana ɗinkin akumari, wanda ake ɗora ma jaki kafin kaya. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Tsakaninsa da Inna akwai surukuta: ba ta faɗin sunansa, ba su haɗa ido, in ya shigo ta kauce. Amma ya ga komi.

Washegari ya kira ni, ya nuna keken da baki.

"Wa ya yi wanga shirme?"

Na ce ni ne.

"Kai, ɗan banza. Ka taɓa ganin na ɗora ma jaki nauyi bisa ƙashin bayansa? Akumari gefe biyu yake zama, tsakiya a bar ta ta sha iska. Kai kuma tsakiyar ka cika."

Sai ya rage murya. Ya ce in tahi inda uwata ta zauna tana ɓarar gyaɗa, in ta tashi zan ga ramuka biyu a rairayi, in karyo kara daidai tsakaninsu, kada kowa ya gan ni. Na lallaɓa na auno.

Kwana uku yana aiki. Ya cire baƙar robar ya bar ƙarfen, ya ɗinka matasai biyu da fatar akuya, ya cusa musu auduga tam, faɗinsu daidai karan nan, da kwari a tsakiya.

Baba ya tarar da shi yana ɗaurawa, ya ce ma mahaifin nasa:

"Baba, kayan furoje ne. Ita ta ce a sake?"

"Ni da ita muna magana ne?" in ji Kaka, bai ko ɗaga kai ba. "Ni ne bai yi ma kyau ba. Ka tahi ka gaya musu."

Laraba ta zo. Baba ya raka ta har gindin bedi, maza na zaune, hira ta tsaya. Ni na san ciwon bai gama warkewa ba, kuma ban san ko awona daidai ne ba. Inna ta gyara zane, ta taka, ta zauna. Baba fuskarta kawai yake kallo. Ta ɗan gyara zama sau ɗaya, ta tura. Munka bi ta da ido har ta wuce gonar ƙarshe.

Da ta dawo, a tsakar gida ta sauka, gaban kowa. Ta ajiye goro biyu bakin rumfar Kaka ta wuce. Shi ma bai dube ta ba. Shekaru ta yi bisa keken nan, ta haifi ƙannena biyu a tsakani.

Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni na gaji, gwiwa ta ƙi. A kasuwar Tasawa sirdi iri-iri ne rataye, mai faɗi, mai rami, wanda kake so. Ɗiyata da keke take zuwa koleji. Watan jiya ina zaune da abokaina ƙofar gida ta zo ta tsaya kaina.

"Baba, sirdin nan yana ji min ciwo. A sake min wani."

Gaban mutane, ka ji. Kunya ta rufe ni, har na buɗe baki zan yi mata faɗa. Sai na rufe shi. Na jawo takalmina na ce ta wuce mu tahi.