Saniyar da ke fitowa ta hagu

Ranar wata Talata bayan la'asar, a gidan gem ɗinsa da ke Takur, na miƙa wa Baffa Bubayero wayata na ce ya buga wasan da na haɗa da kansa. Ina tsaye a bayansa na ga jar saniya ta ware daga garke ta nufi gonar gero ta hagu. Ga ta nan ƙatuwa a fuskar waya, ta yi taku shida. Yatsansa bai motsa ba. Da wasan ya ƙare ya ɗago ya ce, "Ka gani ko? Babu ita, sai kawai a ce ta ci gona."

Baffa ba baffana ne na jini ba, haka duk unguwa ke kiransa. A wata ruga kusa da Kafin Hausa aka haife shi, ya yi kiwo har cuta ta shiga garkensu. Ya zo Dutse ya yi masinja a wata ma'aikata, daga baya ya buɗe shago da talabijin biyu. Yanzu biyar ne. Shekara goma sha ɗaya ana buga gem a gabansa, bai taɓa bugawa ba.

Kallo shi ne aikinsa. Yakan ce mai bugawa yatsunsa kawai yake ji, shi kuwa kafaɗu yake dubawa. In mutum ya ranƙwafa gaba, wasan ya kama shi. In ya yi tsaki ya sake farawa, wasan mai kyau ne. In ya ajiye shiru ya ɗauki wayarsa, to Baffa zai cire wannan gem ɗin kafin mako ya fita. Ya ce haka ake bin shanu, daga baya.

Ni kuma na gama karatun kwamfuta, na gama bautar ƙasa, babu aiki. Sai na zauna na haɗa ɗan wasan waya: ka kora garke zuwa mashaya ba tare da ko ɗaya ta shiga gonar mutane ba. Na buga shi har hannuna ya haddace, na daina jin inda yake da wuya. Shi ya sa na kai wa Baffa. Sale, wani mai adaidaita da ke leƙowa in fasinja sun yi ƙaranci, shi ke bugawa, Baffa na kallo.

Ranar farko ya ce, "Fa'izu, waɗannan awaki ne ka sa musu ƙaho. Saniya ba ta juyawa sai ta fara juya kai." Na gyara, wasan ya zama wani abu daban, don yanzu mai bugawa na ganin niyyarta kafin ta ware. Daga nan duk abin da ya faɗa na ɗauka.

Sai ya fara cewa akwai zalunci a mataki na uku, wai saniya na ɓacewa ba gargaɗi.

"Haba Baffa," in ji Sale, "ga ta nan kamar tirela."

"Kai da ka tuƙa fasinja cikin kwata da rana tsaka, kai za ka koya min gani?"

Muka yi dariya. Na bi maganar Baffa. Na mai da saniyar ja. Na ƙara mata girma. Ya ce har yanzu. A ƙarshe na mai da gonar dama, ya ce yanzu ka yi wasa. Wata biyu na kwashe a kan wannan gyare-gyare, ina jin daɗi wai ina koyon sana'a.

Sale ne ya ce wasan ya zama na tsofaffi, ko kakarsa za ta cinye. Na ji haushi, na mai da gonar hagu, na ce wa Baffa kallo daban, bugawa daban, ya karɓa ya ji da hannunsa. Da ɗan gatse na faɗa. Wannan ita ce Talatar.

Bayan ya miƙo min wayar na dubi shagon kamar ban taɓa shigarsa ba. Bencinsa da ke tsakiya a da, ya koma jikin bangon hagu, duk talabijin ɗin suna damansa. Ban san yaushe ya ja shi ba. Na ɗaga hannu a gefen kunnensa na hagu na kaɗa yatsu. Bai waiwayo ba.

Matarsa, Inna Larai, ta ce ta ga yana yawan buga kafaɗa a ƙofa, ta ɗauka gajiya ce. Muka kai shi asibiti, likita ya haska idanun ya ce lafiyarsu lau, matsalar tana can baya, a cikin kai. Ya tambayi tun yaushe. Baffa ya ce bai sani ba. Ni na sani. Na ce wata biyu, aƙalla. Likitan ya dube ni, ya rubuta. Wannan kallon ne ke dawo min duk lokacin da na buɗe kwamfuta. Mutumin yana faɗa min abin da ya daina gani, ni ina canza launin saniya.

A mota Baffa ya ce, "In ban iya kallo ba, me zan zauna yi a shago?"

An tura shi Kano a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Sun tafi ranar Alhamis shi da Inna Larai, an ɗauka, an ce sakamako sai Litinin. Ni nake buɗe shagon, ban taɓa bencin ba. Yau Laraba. Na kira Inna da safe, ta ce har yanzu likitan da zai karanta hoton bai duba ba, suna jira.