Manhajar Badaru Da Muryar Inna Murja

Badaru mai gyaran waya ne a kasuwar Sara, mutum ne mai rawar kai da saurin hannu. In ka ba shi waya matacciya, kafin ka shanye furarka ta tashi. Daga kallon bidiyo ya koyi haɗa manhaja, mu kuwa muka laƙaba masa Injiniya, shi ma bai musa ba.

Mahaifiyarsa, Inna Murja, ita ce ungozomar ƙauyen Kwandiko. Babu saiwa ko sassaƙen da ake ba maijego da jinjiri wanda ba ta sani ba, kuma duk a ka take riƙe da su. Da ciwo ya kwantar da ita, Badaru ya rufe rumfa ya haɗa manhaja cikin gaggawa. Kowane magani da gurbinsa: sunan itacen, hotonsa, sai muryar Inna tana faɗin yadda ake jiƙawa da yadda ake sha.

"Ka tabbata abin nan yana riƙewa?" in ji Inna.

"Inna, ai ya fi kan mutum riƙo," ya ce.

Sai dai garaje ba ƙarfi ba ne. Sunayen kaɗai ya tsara su sauka cikin ma'ajiyar waya. Hotuna da muryoyi na zaune ne kawai muddin manhajar na buɗe, shi kuwa bai taɓa rufe ta ba, kullum wayar na jone da ƙaramar solarsa.

Inna ta cika ranar da ake ta ruwa, rana ba ta leƙo ba. Ana zaman makoki batir ya yi ƙasa, Badaru ya kai wayar wurin mai caji. Al'adar masu caji a nan, sai sun kashe waya don ta cika da wuri.

Bayan addu'ar uku, Sadiqa maƙwabciyarsu ta shigo da jaririnta yana ta kukan ciwon ciki. Badaru ya buɗe manhaja. Ga sabara, ga marke, ga ƙirya, a jere, ƙarƙashin kowanne fayau. Wallahi ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba.

Ya gyara kuskuren tuni, yanzu manhajar ba ta zubar da komai. Ranar da babu kasuwa yakan hau babur ya bi ƙauyuka har Yalwan Damai, yana tambayar tsofaffin mata. Kowacce sai ta ce, "Ayya ɗan nan, wannan ai Murja muke tambaya."