Mazarƙwailar da Ta Sha Baƙin Mai

Komai zan iya mantawa a rayuwata, amma ban da shekarar da yayana ya kafa mana matatar mai a bakin fadamarmu ta Gubuchi. Har yau in na bi ta garejin kanikawa sai warin baƙin mai ya tuna mini da ita.

Lokacin mulkin soja ne, ana ta tsuke bakin aljihu. Mu a gidanmu rake muke nomawa, mu matse, mu dafa mazarƙwaila. Da can doki ke juya mana abin matsa, sai Baba ya sayar da shi ya sayo inji mai shan dizal, har mutane na zuwa kallo. To, mun sare rake mun jibge, sai dizal ya yi ɓatan dabo. Na je Makarfi, na je Ikara, na tuƙa keke har Kudan da jarka a baya, ko ɗigo babu. Raken da aka sare kuwa ba ya jiran kowa, da ruwansa ya yi tsami wahalar shekara ta tashi a banza. Na kasa zaune na kasa tsaye. Sai in je in karya sanda ɗaya in ɗanɗana, in dawo gida, in sake komawa.

Yaya a lokacin yana gida, rage ma'aikatan da aka yi a matatar man da yake aiki ya rutsa da shi. Kullum hirarsa ɗaya ce: yadda ake dafa ɗanyen mai, tururi ya tashi, kowane irin mai ya fita ta hanyarsa. Mun gaji da ji, amma ranar kowa ya kasa kunne.

"Baba, a samo mini baƙin man da ake juyewa daga motoci. Zan fitar da abin da injin nan zai sha."

Baba ya kalli tulin raken ya ce, "To, Allah ya sa a dace."

Wani bakanike a Makarfi, mutumin kudancin Kaduna da muke mutunci da shi, ya cika mana jarkoki kyauta. Yana miƙo mini ya ce, "Ku dai kula, abin nan in ya taɓa ƙarfe warinsa ba ya fita." Na ce to, hankalina yana can wurin rake.

Yaya ya ɗora duro a kan wuta, ya maƙala masa bututu, ya bi da bututun ta cikin ruwa don ya huce. Ana buƙatar abin tara man, Baba ya ce a ɗauki tsohon kaskon dafa rake, tunda muna da biyu. Ni dai zagaye nake, ido ɗaya a kan duro kada ya fashe, ɗaya a kan hanya kada sojoji su hango hayaƙi. Can sai ga wani mai ja-ja yana ɗigowa. Aka tace da tsumma, aka zuba wa injin. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Wallahi na ji hawaye ya zo mini, kuma ban taɓa ganin Yaya da girma irin na ranar ba.

Daga nan murna ta kwashe mu. Ruwan rake na kwarara, kasko ɗaya ya kasa, bokitai sun cika. Babu wanda ya ce a yi, babu wanda ya ce a bari, aka jawo tsohon kaskon, aka dirje shi da toka da sabulu har yana ƙyalli, aka ɗora. Mu da muka wuni cikin hayaƙi hancinmu ya riga ya mutu. Muka dafa, muka zuba a ƙananan kwanoni, ta daskare, muka haɗe ta kaskon nan da ta wancan a buhu ɗaya.

Ranar kasuwar Makarfi, wata dattijuwa daga Kudan, wadda tun ina yaro take sarin kayanmu, ta zo. Bayan doguwar gaisuwa ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, ta ajiye, ta ɗauki wata.

"Malam, wannan ta mutane ce ko ta mota?"

Baba ya gutsira ya sa a baki, ya tofar. Muka kwance buhu bayan buhu, ina neman wanda ya tsira, wari ya bi duka. Na ce a rage kuɗi a sayar haka. Baba ya harare ni ya ce yara ne ke shanta, a mayar gida a binne.

Muna haƙa ramin, Yaya ya tsaya ya jingina da shebur ya ce, "A matata kowane mai da tankinsa, ba a taɓa haɗawa. Shi aka fara koya mana." Muka ci gaba da haƙa.

Abin da na koya a bakin ramin nan shi ne, a aiki ba dabarar da ke burge mutane kaɗai ce ilimi ba. Ƙaramar ƙa'idar da ake rainawa, ita ce ke tsare sauran, kuma ita gaggawa ke fara cinyewa. Kaskon yana nan a bayan gidanmu, ko kaji ba ma zuba wa ruwa a ciki.