Kuɗin Kwana a Gidan Dada

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Dada, amma har yau in murfin tukunya ya faɗi a madafa sai in tuna da ita. Da wannan ƙarar abin ya fara. Wata safiya a gidanmu na unguwar Bako na ji ta sauke babbar tukunyar da ba a taɓawa sai da Sallah. Kafin azahar tsakar gida ta cika da matan da suka gudo daga rikicin Mubi da Michika da Madagali, ƙafafu a kumbure, wasu ko ɗankwali babu.

Wata a cikinsu, Maman Rifkatu, ta Kamaru ta zagayo. Ta kwance bakin zaninta ta miƙa wa Dada sefa, tana kuka. Dada ta tura mata hannun, ta kira ta 'yata da Fulatancinmu.

"Ɓingel am, nan ba a karɓar naira, balle sefa. Koya mini yadda ake gaisuwa a garinku. Shi ne kuɗin kwana."

Haka ta yi wa kowace baƙuwa. Da safe sai ta bi tabarma tabarma tana gaishe su da yarukansu, da Margi, da Higi, da Kilba, tana kwaɓawa, suna gyara mata. A nan na fara ganin matan nan sun yi dariya.

Yanzu ina aure a unguwar Demsawo, kuma na rasa sukuni. Me Dada za ta ce da wannan zamani? Ita da ta rasu tana lissafi da fam da sule, yaya za ta yi da mai tumatir da ke cewa a tura masa ta waya? Wannan kam dariya za ta yi. Abin da ba za ta yi wa dariya ba yana cikin ɗakina.

Ran nan autata Amira, wadda aka haifa bayan rasuwarta, tana haddar darasin makaranta: kuɗin Najeriya naira ne, manyan harsuna uku ne. Na tsaya da wanke-wanke. Ina Fulatanci? Ina yarukan matan da suka kwana a tabarmarmu? Unguwarmu Hausa ce ke haɗa kowa, makaranta Turanci. Ni kaina sai in tafasa nake yi wa yarana Fulatanci, har sun ɗauka yaren faɗa ne.

Dada ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba. Maman Rifkatu dai har yanzu tana aiko mana da gyaɗa duk kaka. Allah Ya jiƙan Dada, Ya sa tana cikin rahama.

Na ba Amira labarin nan ina yi mata kitso. Ta juyo, kitson a kwance rabi.

"Ummi, in mun haɗu da Dada a Aljanna, ki tsaya kusa da ni. In ta gaishe ni ban san me zan ce mata ba."