Azumin Yayana Mai Man Gyaɗa

A kasuwarmu mai sayar da man gyaɗa shi ke fara tsoma yatsa ya lasa a gaban mai saye. Haka yayana yake yi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a wurinsa nake sayen man da nake tuyar masa da shi a Ƙofar Kware.

Zamanin soja, da kuɗin fetur suka cika gari, ko'ina gini ake yi. Yaya ya samo durorin wani kamfanin gina gada a banza, cikinsu ja da ragowar fenti, ya yar da tulunan rumfarsa, ya koma zuba mai a durorin. Daga nan ya daina lasa. In na miƙa kwalba sai ya ce, "Azumi nika yi, ƙanwata." Litinin azumi, Laraba azumi. Ni sakarya har yabonsa nake yi a gidan suna!

Ɗiyata ita ke cinye masar farko kowace safiya. Sai ciwon ciki, sai kasala, yarinya mai surutu kamar rediyo ta koma shiru. A asibiti aka duba dasashinta, aka tambaye ni abin da muke ci. Aka haɗa ni da wani duba-gari muka tafi rumfar Yaya.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya jiƙa auduga da wani ruwa, ya goga a cikin duron, audugar ta rine nan take. Ya ce dalma ce, guba, daga fentin take shiga mai.

Wallahi har a lokacin kare Yaya nake yi. Na ce ai bai sani ba. Sai na waiga na ga bakinsa ja wur, yana tauna goro. Na tsoma yatsa a man, na kai masa baki.

"Yaya, yau ba ka azumi. Lasa."

Ya datse leɓe, ya kau da kai. Ashe tun ranar da ya ɗauko durorin direban kamfanin ya gaya masa kada a zuba abin ci. Gidan Yaya kuwa da man tulu ake girki.

Ɗiyata ta rayu, amma surutun bai dawo ba, karatu ma ya gagara. Ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa. Ranar da Yaya ya rasu mata suka cika tsakar gida suna cewa, "Allah sarki, mutum mai yawan azumi." Na tashi na ɗauki mayafina, don lokacin ba ɗiyata abinci ya yi, kuma har yau a baki nake ba ta.